Hannun Lubna a Idon 'Yata

'Yata ta fari Anti Murja take ce mini. Ni da na ɗauki cikinta, na yi laulayin da ko ruwa ba ya zama, na sha wankan jego har fatata ta saɓule, ni ce Anti. Mami kuwa Lubna ce, ƙanwar mijina, wadda ko ɓari ba ta taɓa yi ba. In kuna jira in ce ba na kishi, to ku daina jira. Kishi nake yi, irin wanda ke hana mutum jin gishirin miya.

Yadda abin ya faro ba wani abin mamaki ba ne. A Dutsi aka haife ni, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi yana kuka sai ki kau da kai ki bar wani ya ɗaga shi. Innata har gobe ba ta taɓa furta sunan babban yayanmu ba, ga shi har ya yi furfura. Da aka kawo ni Daura gidan su Harisu, cikin gari can wajen Kusugu, da wannan tarbiyyar na zo. Na haifi yarinyar, na ɗaure fuska kamar ba daga jikina ta fito ba. Hajiya, surukata, ta riƙa nuna ni ga baƙi tana cewa, "Kun ga 'yar mutunci, yaran yanzu ina suka ga irin wannan kunyar." Yabon nan ya yi mini daɗi, shi ne kuma ya cuce ni.

Da na sami cikin Musaddiq aka kai ta yaye sashen Hajiya. Hajiya ga ciwon gwiwa, Lubna kuma dawowarta gida ke nan aurenta ya mutu. Ita ta yi goyon, ita ta yi lallashin. Yayen 'yan kwanaki aka ce, sai ga yarinya ta shiga firamare tana can. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, da 'yar ƙofar langa-langa a jikinta. Ina tsakar gidana ina jin Lubna tana kira, "Ikilima, zo ki sa takalmi," sunan yana fita daga bakinta ba nauyi ba komai. Ni kuwa "ke" nake cewa, in abin ya yi yawa "ke yarinya". Ko mijina Abban Musaddiq nake ce masa, sai ka ce Musaddiq muka fara haifa.

Abu ɗaya nake so, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. So nake ranar da wani abu zai tsorata yarinyar nan, wurina za ta rugo.

Lubna koyarwa take yi a wata firamare. Da ta sa sola a ɗakinta ta sayi talabijin, sai abin da ya rage mini ma ya ƙarasa tafiya. Duk Alhamis bayan la'asar, tunda babu Islamiyya, sai su saki labule su biyu su kunna katun ɗin da Lubna ke karɓowa wurin masu tura fina-finai. Kuma ba kowane katun ba, na dodanni. Yarinyar diragon take cewa, ni dai dodo na sani: ƙaton abu mai siffar ƙadangare, ga fuka-fuki, ga wuta tana fita ta baki.

In sun gama sai ta shigo sashenmu da mayafin Lubna a kafaɗa, ta buɗe hannuwa tana zagaya tsakar gida tana huci. Ta ba ubanta labari, ta ba Musaddiq labari shi da ba abin da yake ganewa, har akuyar Hajiya sai da ta sha labarin dodo. In ta zo kusa da ni kuwa sai ta sauke fuka-fukan, ta ce, "Anti Murja, ina wuni," ta wuce abinta.

Ana nan wata Juma'a, ina wanke-wanke, na ji ƙarar Musaddiq. Na juya na gan ta tsaye a kansa da muciyata. Wai shi ne dodon, ita ce mafarauciya. Goshin yaro ya tashi kamar ƙwan zabo. Wallahi na ji tausayinsa, ɗana ne. Amma ina danna masa tsumma da ruwan ɗumi, wani gefe na zuciyata yana cewa abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo.

A guruf ɗin waya na matan unguwarmu wata malamar asibiti ta taɓa tura murya tana bayani cewa irin waɗannan fina-finan, ko da an ce na yara ne, akwai lambar shekaru a jikinsu. Wani na 'yan bakwai ne zuwa sama, wani kuma sai da babba a kusa. Lokacin da ta tura ko sauraro ban yi da kyau ba. Ranar nan sai da na tono muryar, na yi ta maimaita ta har na haddace.

Harisu ya dawo daga Mai'adua a gajiye, ya kai hatsi. Na bari ya ci ya ƙoshi, sannan na jawo Musaddiq na aje masa a gaba.

"Abban Musaddiq, dubi aikin katun."

Ya taɓa goshin, ya yi tsaki. "Yara ne, Murja. Mu ma mun fasa wa juna kai ba mu taɓa ganin talabijin ba. Zane ne fa kawai."

"Zanen ne ya koya mata ɗaukar muciya ta ce mashi ne. Shekararta shida ba ta cika ba. Abin da ake nuna mata na manya da ita ne, faɗa ne da kisa da wuta. Yau goshi, gobe ido."

Ya hau sakace. Harisu ba ya son abin da zai haɗa shi da 'yar'uwarsa. Daga ƙarshe ya ce in je in yi wa Hajiya magana, abin da ta yanke shi ke nan.

Da safe na shiga gaishe ta, na zayyana mata komai, har da maganar malamar asibitin. Lubna tana gefe tana goge kayan makaranta. Hajiya ta saurare ni har na kai aya, sannan ta yi dariya.

"Yo Murja, mu nan da me aka raine mu? Tun ba mu kai ta ba ake kai mu bakin Kusugu a nuna mana rijiya, a ce ga inda maciji ya hana mutane ruwa, ga inda aka fille masa kai. Kakata har nuna mana take yi da hannu yadda kan ya gangara. Wa ya haukace a cikinmu?"

Na ce, "Hajiya, ai ji daban, gani daban. Abin da kunne ya ji, yaro shi ke zana abinsa a kai daidai ƙarfinsa. Wannan kuwa an zana masa an gama, an sa launi, an ƙara da kiɗa."

Ni kaina na ji daɗin maganar nan, don gaskiya ce, ko da yake ba gaskiyar ce ta kawo ni ba. Na saci kallon Lubna ina jira ta yi gardama in samu abin kamawa. Sai ta aje dutsen guga ta ce, "Gaskiyarki, Anti Murja. Shi ya sa ba na barinta ta ga abin da ya fi ƙarfinta. Batun muciya kuma na yi mata faɗa, in ta tashi za ta zo ta ba Musaddiq haƙuri."

Ba abin da ya kai ciwo irin ki ɗaura ɗamarar faɗa a ce miki gaskiyarki. Hajiya ta ce to magana ta ƙare. Na fito ina murmushin dole. Na ce a raina, ba ta barinta ta ga abin da ya fi ƙarfinta ko? To ni zan gani da idona.

Alhamis ta zagayo. Na goya Musaddiq duk girmansa don kada ya tona ni, da ya yi barci na kwantar da shi, na bi ta ƙofar langa-langa a hankali. Hajiya tana ɗakinta tana lazimi. Na tsaya bakin ƙofar Lubna, ta gefen labule ina hango talabijin ɗin da bayansu su biyu a kan darduma.

Wani ɗan ƙaramin dodo ne kore, da manyan idanu, yana koyon tashi yana faɗuwa, uwarsa tana tura shi da hanci. Yarinyar tana ta ƙyalƙyala dariya. Can sai ga waɗansu mutane ɗauke da raga da mashi suna hawa dutsen. Kafin a yi komai, tun kiɗan bai gama sauyawa ba, sai na ga hannun Lubna ya tashi ya rufe idon yarinyar. Ita kuma ta kwanta a jikinta kamar dama jira take.

Aka yi ta artabu a talabijin, wuta, ihu, mutane suna gangarowa daga dutse. Lubna ta sunkuyo tana yi mata raɗa.

"Me suke yi, Mami?"

"Kokawa suke. Uwar ta kore su, sun gudu."

"Ya wuce?"

"Saura kaɗan."

Da wurin ya yi shiru ta ɗauke hannun. Yarinyar ba ta saki hannun ba, ta riƙe shi a ƙirjinta da hannu biyu, tana ajiyarsa don gaba. A nan na gane abin da Lubna take yi. Ashe kowane fim sai ta kalle shi ita kaɗai tukuna, ta san duk inda abin tsoro yake. Da a ce sakaci na tarar da na ji sanyi. Sai na tarar da kulawa, kuma kulawar ce ta ƙona ni har ƙashi. Tsoron da nake jira ya kawo mini 'yata, ga shi nan ana rabonsa duk Alhamis a ɗakin wata, ni ko labari ban samu ba.

Ban san iya tsayuwar da na yi ba. Mafarautan suka dawo da wani ƙaton mashi a kan keken katako. Kiɗa ya sauya. Hannun Lubna ya sake hawa fuskar yarinyar, ta sunkuya ta fara raɗa, yarinyar ta cusa kai cikin jikinta. Na ji ba zan iya sake kallon wannan ba. Na bankaɗe labule na yi sallama da ƙarfi.

Lubna dai Hajiya ce ta raine ta. Ba za a yi sallama matar yayanta ta shigo tana zaune ba. Ta miƙe zumbur, hannu ɗaya yana gyara ɗankwali, ɗaya yana jawo mini kujera, tana cewa, "Anti Murja, sannu da zuwa." Idon yarinyar ya buɗe a kan talabijin daidai lokacin da mashin ya shiga ƙirjin uwar.

Ba su nuna jini ba. Da jinin ne ma da sauƙi. Wutar bakinta ce ta mutu ta koma hayaƙi, idonta yana kan ɗanta, sannan ta sulale daga kan dutsen, ɗan yana binta da kuka. Na kai hannu na fizge wayar talabijin ɗin daga bango. Allon ya yi baƙi.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Bakinta a buɗe, tana kallon baƙin allon.

Na ce, "To. Wannan ne abin da bai fi ƙarfinta ba?"

Lubna ta dubi hannunta, ta dube ni. Ta ce, "Anti Murja, don Allah ki bari ta ga sauran. Kada ki bar ta a nan wurin."

"Ta ga abin da ya ishe ta."

Na kama wuyan hannun yarinyar na ja ta. Hajiya ta fito bakin ƙofarta da carbi tana kallonmu. Ranar ce farkon ranar da na riƙe hannun 'yata a gaban surukata, kuma ja nake yi.

Da Harisu ya dawo ya ga yarinya zaune ba uhm ba uhm-uhm, tuwo a gabanta ta kasa ci, ban sha wahalar bayani ba. Na gaya masa abin da ta gani, ban gaya masa yadda aka yi ta gani ba, shi ma bai tambaya ba. Ya ce katun an daina, kuma yarinya ta dawo sashenmu da kwana, dama ai ta girma. Hajiya ta ce, "Uwa ta fi kowa iko da ɗanta." Daga haka ba ta ƙara ba.

Lubna da kanta ta kawo kayan washegari, a goge, a ninke, suna ƙamshin turaren wuta. Ta aje a bakin ƙofata ta ce, "Tuwo sai an yayyanka mata ƙanana take ci, Anti Murja." Na ce na sani. Ban sani ba. Daga ranar ta janye jikinta, ko leƙowa ba ta yi, wai don yarinyar ta saba da ni. Wannan kirkin nata shi ma haushi ya ba ni.

To, na ci nasara. 'Yata tana ɗakina, tana kwana a katifar da na shimfiɗa mata, ni ke yi mata kitso. Sai dai abin da aka dawo mini da shi ba yarinyar da ke zagaya tsakar gida da mayafi ba ce. Fuka-fukan sun tafi. In ta dawo daga makaranta sai ta zauna a gindin katanga kusa da ƙofar langa-langa tana tona ƙasa da tsinke. Musaddiq ya kawo mata muciya da kansa yana roƙo a yi wasan dodo, ta ture shi.

Wata rana ina hura gawayi, wutar ta mutu sai hayaƙi, ina ta fifita. Ban san tana bayana ba sai da na ji muryarta.

"Anti Murja, in wutar bakin uwa ta mutu, ana iya hura ta?"

Na ce, "Ke, katun ne. Zane ne, ƙarya ce duka."

"To wa zai ba ɗan abinci?"

"Na ce miki ƙarya ce."

Ta kalle ni. Sannan ta ce, "Mami ta san abin da ya faru." Ta koma gindin katangarta.

Mami ta sani. To ni ma zan sani, ai ba da shi aka haife ta ba. Washegari na ce zan je gaida wata mai jego, na zarce shagon masu tura fina-finai a bakin kasuwa. Mai shagon ya tambaye ni sunan fim ɗin, na ce ban sani ba, na dodo ne mai wuta. Ya yi dariya ya ce irinsu sun fi gashin kai yawa. Ya juyo mini da kwamfuta yana nuna hotuna ɗaya bayan ɗaya, samari suna kallona da hijabina ina leƙen dodanni, har na ga ɗan koren nan mai manyan idanu. Ya tura mini a waya. A kusurwar hoton ga lambar nan da malamar asibiti ta faɗa, bakwai. Ashe dai ban yi ƙarya ba.

A kicin na kalle shi, na jingina wayar da gwangwanin gishiri. Ina jira a ce uwar ta tashi. Ai fim ɗin yara ne, na ce dole su tashe ta. Ba ta tashi ba. Ɗan ya yi ta yawo cikin ruwan sama da yunwa, har ya faɗa wani kogo. A cikin kogon akwai wata dodanniya mai karyayyen fiffike, ba ta da ɗa. Ita ta ɗauke shi, ta ciyar da shi, ta koya masa tashi, ta koya masa hura wuta. A ƙarshe suka kori mafarautan, kowa yana murna. Uwar kuwa sau ɗaya aka sake nuna ta, a cikin gajimare, tana murmushi kamar ba ita aka yi wa rashi ba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, har wakena ya kama. Amma ina share hawaye ina cizon yatsa. Wato ko a katun ma sai an ture uwa gefe an miƙa wa gwaggo ɗa. Wannan ne sauran da Lubna take roƙo a bari ta gani? Lallai, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Saura ƙiris in goge fim ɗin.

Da yamma ina yi mata tsifa, tana zaune tsakanin ƙafafuna ta ba ni baya. Da yake ba ta kallona sai na samu bakin tambaya.

"Ke, ranar da na shigo, me Lubna take raɗa miki?"

Ta amsa ba tare da ta juyo ba.

"Ta ce uwar za ta je wani wuri, amma ba barinsa ta yi ba. Ta ce akwai uwar da ba ta matsowa kusa, amma idonta yana kanka kullum, kuma ta fi kowa sonka." Ta ɗan juyo da kai. "Ta ce kamar ke."

Tsinken tsifar ya tsaya a hannuna. Wata ce da sai ta ce Allah ya yi wa Lubna albarka. Ni abin da na fara ji shi ne, wato har alfarma ake yi mini. Ni ake nema wa shiga a wurin 'yar da na haifa, kuma mai neman ita ce ta tare ƙofar. Na ji kunya, na ji haushi, na rasa wanda ya fi wani. Na ce ta gyara zama, na ci gaba da tsifa.

Kafin Alhamis na kalli fim ɗin nan har na san shi kamar yunwar cikina. Na san inda kiɗa yake sauyawa, na san tsawon kowane artabu. Ban nemi izinin Harisu ba, tunda ni na sa ya hana, ni kuma zan san yadda zan yi da shi. Bayan la'asar na tura Musaddiq wurin Hajiya, na shimfiɗa tabarma a ɗakina, na saki labule, na jingina wayar da filas.

"Ke, zo."

Ta shigo tana raɓe-raɓe. Da ta ga ɗan koren dodon sai ta tsaya cak.

Na ce, "Zauna. Za ki ga wanda ya ba shi abinci."

Ta zauna, amma ta bar wuri tsakaninmu, wurin da mutum ɗaya zai iya zama. Na san ko wane ne mutumin. Aka fara, ɗan yana faɗuwa uwar tana tura shi da hanci. Ba ta yi dariya ba. Mafarautan suka fara hawa dutsen, na miƙa hannu na damƙe mata fuska kamar mai toshe bakin tulu.

Ta ce, "Ba haka ba. Mami ba ta matsewa."

Ta kama yatsuna ta gyara su da kanta, ta sassauta, ta ɗora tafin a kan girarta. Hannuna yana warin albasa, na san na Lubna man shafawa yake yi.

"Kuma sai kin riƙa magana."

Kusan shekara shida ban yi wa yarinyar nan magana mai taushi ba, yau ina zan samo ta? Na ari ta Lubna, tunda ita kaɗai na sani. Na ce, "Kokawa suke. Uwar ta kore su." Da ya wuce na ɗauke hannu. Ba ta riƙe shi a ƙirjinta ba. Ta mayar da hannuwanta kan cinyarta, ni ma na mayar da nawa.

Muka ci gaba da kallo. Ina jin numfashinta yana sauri tun kafin a zo wurin, don wannan karon ta san abin da ke tafe. Keken katakon ya bayyana da mashin a kai. Kiɗa ya sauya. Kafin in ɗaga hannu ta faɗo jikina gaba ɗaya, ta cusa kai a ƙirjina, ta ƙanƙame rigata, jikinta yana kyarma.

"Mami."

Na san ba ni take kira ba. Na sani sarai. Na rufe mata ido yadda ta koya mini, na zagaye ta da ɗaya hannun, na ce, "Na'am."

Na sunkuya na yi mata raɗa. Na ce uwar ba barinsa ta yi ba, tana ganinsa. Na ce akwai wadda za ta ba shi abinci, mai kirki ce, za ki gan ta yanzu. Wannan ta ƙarshen da ƙyar ta fita.

Ina ɗago kai sai idona ya faɗa ƙasan labule. Ƙafafu biyu ne da lalle, cikin silifas ɗin da na sani. Lubna ce, da kwano a hannu, ina ganin inuwarsa, Hajiya ta aiko ta ke nan. In ta yi sallama dole in amsa, yarinyar kuma tana jin muryar nan za ta fizge ta tafi, ta bar ni da hannu a sama.

Lubna, da ko ɗakin da ba kowa ba ta shiga sai da sallama, ta tsaya a bakin ƙofata ba ta ce uffan ba. Tana jin kiɗan, ta san inda ake. Ta tsaya har uwar ta gama faɗuwa, har kukan ɗan ya lafa. Sannan na ga ta sunkuya ta aje kwanon a hankali, ko ƙarar murfi bai yi ba. Ƙafafun suka juya. Can na ji ƙofar langa-langa ta ɗan yi ƙara ta rufu.

Abin da ni na kasa yi a ƙofarta, ita ta yi shi a tawa. Ko a nan ma sai da ta fi ni, kuma har yanzu in na tuna sai na ji zafinsa.

A waya ruwan sama ya fara sauka, ɗan dodon yana tafiya shi kaɗai wajen kogon. Abin tsoro ya wuce tuni. Yarinyar tana kwance a jikina, gashin idonta yana motsi a tafin hannuna, kyarmar ta ragu, amma ba ta saki rigata ba.

"Ya wuce?"

Na dubi wayar, na dubi kanta da ke ƙirjina.

Na ce, "Saura kaɗan."